Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da Reshen da Ya Ratsa Ƙasarmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

 

Lokacin da aka sanar cewa maganarmu ta bana a kan tashar jirgin ƙasa ta Kano za ta tsaya, wasu 'yan'uwa sun yi mamaki. Suka ce, ina ruwan ɗan Kwatarkwashi da tashar Kano, alhali ga matsalar tsaro da ta makaranta da ta asibiti sun sha mana kai? Tambayar tana kan hanya, kuma ba za mu kauce mata ba. Abin da muke roƙo shi ne a ɗan yi haƙuri da mu, a bar mu mu bi dogon daga inda ya taso. In Allah ya so, kafin mu zauna za a ga ya biyo da mu har gindin dutsenmu.

Dogon da ya fara isa Kano ba daga Legas ya fito ba, kamar yadda mutane da yawa suke zato. Daga Baro ya fito, wani gari a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Nufe. A wancan lokaci Arewa da Kudu gwamnatoci biyu ne daban, kowace da baitulmalinta, kuma Turawan Arewa sun fi son hanyar da ba za ta dogara da Legas ba: a sauke kaya a Baro, jirgin ruwa ya gangara da su zuwa teku. An soma aikin a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, mutumin Kanada. Tsawon hanyar mil 356 ne. Ƙarfen dogo ya shiga Kano a watan Maris na 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka buɗe hanya ga jama'a a 1912. A Minna kuma layin ya haɗu da wanda ya taso daga Legas ta Ibadan da Ilori da Jebba, sai ga shi cikin ɗan lokaci Baro ta koma gefe, Legas ta zama ƙofar teku.

Ya kamata mu tuna da waɗanda suka haƙa ƙasa suka ɗauki ƙarfe a ka. Ba injin ya yi wannan aiki ba. Talakawa ne aka riƙa ɗiba gari-gari ta hannun sarakuna da hakimai, mafi yawansu ba da son ransu ba. An biya su da tsabar kuɗin Bature, kuma ta wannan hanya sule da kwabo suka ƙara shiga ƙauyuka suna ture wuri, kuɗin da kakanninmu suka sani. Da kuɗin nan ne kuma aka juyo aka karɓi haraji a hannunsu.

To, me Bature ya zo nema? Auduga. Masaƙun Lankasha a Ingila suna son wata ƙasa da za ta rage musu dogaro da audugar Amurka, kuma kowa ya san ƙasar Kano da Zazzau da Katsina da Zamfara ƙasar auduga ce tun fil azal. Lissafinsu ke nan. Amma a Kano lissafin bai fita ba. Masaƙan gida da marinan Kano suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, saboda haka manomi bai ga dalilin kai masa ba. Sai manomin nan ya yi nasa lissafin, ya juya ga gyaɗa. Gyaɗa ba ta gajiyar da gona, tana zama tare da gero da dawa, kuma in kasuwa ta faɗi ba a yi asara duka ba, a ci, a yi mai, a yi ƙuli-ƙuli. Wa ya taɓa cin auduga ranar yunwa? Attajiran Kano da suka goge a fataucin goro, irin su Umaru Sharubutu Koƙi da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, su ne suka karɓi jarin kamfanoni suka baza yaransu cikin ƙauyuka suna saye. A 1911 gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ba ta kai tan 2,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Hukumar reluwe da kanta ba ta shirya wa wannan ba, har buhuna suka rasa wurin ajiya a bakin tasha.

Wannan shi ne abin da muke so a riƙe daga tarihin tashar Kano. Bature ya shimfiɗa ƙarfe domin wani abu, manomi da ɗan kasuwa suka cika tarago da wani abu daban, kuma zaɓin manomin ne ya ciyar da gwamnatin Arewa har tsawon shekara hamsin da wani abu.

Tashar ta zauna a wajen ganuwa, ta gabas da birni, sai gari ya bi ta. Kantunan kamfanoni suka jeru kusa da ita. Fagge ta cika da fatake da baƙi. A 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgi ya kawo daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau. Wanda ya san Kano zai lura cewa har gobe cinikin birnin, daga Kantin Kwari zuwa kasuwar Sabon Gari, a wannan ɓangare ya fi nauyi, kuma dogo ne ya ja shi can. A ɗaya gefen kuwa, ayarin raƙuman da ke ƙetara Hamada zuwa Tarabulus ya yi ta ja baya har ya mutu. Fatar jar akuyar ƙasar Sakkwato, wadda Turai ta daɗe tana kira fatar Maroko saboda ta can take isa gare su, ta koma bin tarago. Goro ma haka. Tafiyar Gwanja da ke cin watanni da jakuna ta zama labari, domin goro ya koma shigowa ta teku zuwa Legas, daga baya kuma aka shuka shi a ƙasar Yarbawa, aka riƙa loda shi a Agege da makamantanta, ya iso Kano da ɗanyensa.

Ayyukan tashar sun fi ƙarfin ɗaukar fasinja. Akwai jirgin fasinja mai daraja uku: ta ɗaya da ɗakin kwana da tarago na cin abinci, ta biyu ta ma'aikata da masu ɗan hali, ta uku kuwa ta kowa da kowa, bencin katako, da ƙunshin kaya da kaji da buta. Akwai jirgin kaya, mai sauka da gishiri da kananzir da siminti da kwanon rufi da yadi, ya koma da gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga. Akwai taragun shanu, waɗanda suka rage wa dabba tafiyar ƙafa ta makonni zuwa mahautar Legas. Wasiƙa ta bi jirgi, jarida ta bi jirgi, wayar tangaraho ta bi gefen dogo. Hasali ma, mutane da yawa a bakin tasha suka fara sanin amfanin agogo, domin jirgi ba ya jiran a ce bayan la'asar. A bayan duk wannan akwai rundunar ma'aikata: direba da mai zuba kwal, mai ba da hannu, mai juya layi, akawun awo, mai yankan tikiti, makanikan loko, da 'yan dako da ba a rubuta sunansu a littafin kowa ba. Waɗannan ma'aikatan reluwe ne suka zama ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, ƙarƙashin Michael Imoudu, yajin da ya nuna wa Bature cewa in jirgi ya tsaya, mulki ma ya tsaya.

Bari mu ɗan dakata a kan dalar gyaɗa, tunda ita ce hoton da kowa yake so. Mun gan ta a takardar kuɗi da kan sarki, mun ji ana cewa dala guda takan ci buhu 15,000. Abin alfahari ne, babu shakka. Amma mu faɗi gaskiya, dalar nan shaida ce ta abu biyu. Shaida ce ta ƙwazon manomi, kuma shaida ce cewa jirgi ya gaza kwashewa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi sun tsufa, taragu sun yi ƙaranci, sai gyaɗar bana ta riski ta bara a fili, ana rufe ta da tamfal, ƙwari suna cin rabonsu. Layi ɗaya ne tak, siriri, mai yawan kwana, daga Kano har teku. Ciwon da ya kwantar da reluwe daga baya, tun a lokacin yake nuna alama.

Yanzu sai mu dawo gida. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnati ta miƙa rassa biyu domin ta kai ga ƙasashen noma da ke nesa da babban layi. Ɗaya ya tashi daga Kano zuwa Nguru, aka gama shi a 1930. Ɗayan shi ne namu: daga Zariya, ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda, kimanin kilomita 220, wanda aka gina tsakanin 1927 da 1929. Sakkwato kanta, hedikwatar lardi kuma cibiyar daula, dogo bai taɓa isa gare ta ba. Sai ya zamana duk kayan lardin, daga Gummi da Anka da Talatar Mafara har Sakkwato da ƙetaren iyaka, jaki da raƙumi da babbar mota suke kawowa bakin dogo a Gusau ko Ƙaura.

Abin da tasha ta yi wa Kano, shi ta yi wa Gusau, gwargwadon girmanta. Kamfanoni suka kafa kantuna, aka yi injin gurzar auduga, aka yanka Sabon Gari, baƙi suka zo daga ko'ina, daga baya masaƙa da matsar mai suka biyo. A nan, saɓanin Kano, auduga ta karɓi Bature hannu biyu, domin ƙasar Funtuwa da Tsafe da Gusau ta zama cibiyarta. Kwatarkwashi ta girmi Gusau nesa ba kusa ba, domin Gusau a zamanin jihadi Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa ta, mu kuwa muna kan dutsenmu tun kafin nan. Amma tasha a Gusau ta zauna, sai ciniki ya bi ta, ofisoshi suka bi ciniki, har a 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara babu wanda ya yi gardamar inda za a kai babban birni. Ba da hassada muke faɗin wannan ba, Gusau tamu ce, a can da yawanmu muka yi karatu, muka yi aure. Muna faɗi ne domin a ga irin nauyin da shawarar inda za a aza tasha take da shi a rayuwar gari.

Dattawan da ke zaune a nan gaba ba sa bukatar a ba su wannan labari. Su ne suka ɗaura auduga a bayan jaki da asuba suka nufi filin awo. Su ne suka hau jirgi a Gusau ko Tsafe, suka sauka a Zariya suka jira na Kano ko na Legas. Almajirin da ya tafi gabas neman karatu, da ɗan cin-ranin da ya tafi da rani ya dawo da damina, da yaron da aka ɗauka makarantar gwamnati da akwatin ƙarfe a ka, da maniyyacin da ya nufi Kano domin ya hau jirgin sama zuwa Jidda, yawancinsu ta wannan hanya suka bi. Idan muka bincika yadda zuriyar Kwatarkwashi ta fara zama a Kano da Kaduna da Ibadan da Agege, za mu tarar da dogo a farkon labarin. Wato ƙungiyar nan da muke taƙama da ita, ta 'yan gari mazauna birane, jikar jirgin ƙasa ce.

Faɗuwar ba ta bukatar dogon bayani, domin a gaban idonmu aka yi ta. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. A 1964, shekarar da dogo ya isa Maiduguri, ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1. Rikicin 1966 ya zubar da jini har a harabar tashar Kano, ya kuma kori ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan Gabas, sannan yaƙin basasa ya yanke layin Fatakwal. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka rushe dala. Kuɗin man fetur ya karkata ga kwalta da tirela. An kawo Indiyawa suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan gyaru, da suka tafi aka koma gidan jiya. An ba kamfanin ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995. A Disamba 2012 aka yi bikin dawowar jirgin Legas zuwa Kano, tafiyar kilomita 1,126 da ke cin sama da awa 30. Reshenmu kuwa, an sha yi masa alkawari, amma yaran da aka haifa bayan ƙirƙiro jiha ba su taso sun san jirgi a matsayin abin hawan da ake dogara da shi ba. Abin da suka sani shi ne tsohon ƙarfe cikin ciyawa, wanda ake tsallakewa a hanyar gona.

Allah ya ja zamanin Sarki, ga inda maganar ta shafe mu yau. Nijeriya ta koma gina dogo, amma irinsa daban ne. Tsohon dogo, har da namu, faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. Sabon kuwa milimita 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021. A 2021 ɗin ne aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka kuma ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano, wanda zai ratsa Zariya. Muna taya 'yan'uwanmu murna, kuma Kano ta cancanci ta sake zama mahaɗa. Amma ku zana taswirar a zuci. Wani layi ya bi ta gabas da mu, wani ya bi ta arewa da mu, Zamfara tana tsakiya babu ko ɗaya. Ranar da ciniki ya koma kan sabon dogo gaba ɗaya, tsohon babban layi ya rasa mai kula da shi, reshenmu zai zama reshen da aka sare itacensa. Ko an gyara shi tsaf, sai dai ya kai kaya Zariya a sauke, a sake lodawa. Abin da ya sami Baro bayan 1912 ke nan, kuma babu wanda ya yi shela ranar da aka manta da ita.

An sha ambata a tsare-tsaren gwamnatin tarayya wani sabon layi daga Zariya ta Funtuwa da Gusau da Ƙaura Namoda zuwa Sakkwato da Illela. Takarda ba ta ɗaukar buhu. Abin da ya canza a zahiri shi ne gyaran tsarin mulki na Maris 2023, wanda ya cire harkar jirgin ƙasa daga ikon tarayya ita kaɗai, ya ba jihohi damar shiga. A da, in an tambayi gwamna sai ya ce ba huruminsa ba ne. Yanzu wannan amsa ta ƙare. Ba mu ce Zamfara ita kaɗai tana da kuɗin gina dogo ba, ba ta da shi. Amma hanyar ta ratsa jihohi huɗu, Kaduna da Katsina da Zamfara da Sakkwato, kuma abin da ya gagari ɗaya ba lalle ya gagari huɗu tare da tarayya ba.

Mun san abin da wasu za su ce: wane jirgi ake magana alhali manomi ba ya iya zuwa gonarsa? Gaskiya ne. Mu da muke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau muna duba agogo kafin mu wuce Tsafe, mun san ciwon. Kuma jirgi ba laya ba ne, harin ranar 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna ya ishe mu shaida. Sai dai shawarar inda dogo zai bi, da inda za a aza tasha, ana yanke ta shekaru kafin a ga ƙarfe. In muka ce sai an zauna lafiya sannan mu buɗe baki, za mu tarar an riga an zana layi, an raba tashoshi. A 1927 babu wanda ya tambayi kakanninmu. Mu kuwa muna da injiniyoyi da lauyoyi da ma'aikatan gwamnati a wannan ɗaki, ba mu da wannan uzuri.

Saboda haka muna kawo wa taro shawara. Ƙungiya ta naɗa ƙaramin kwamiti, kada ya wuce mutum bakwai, ya tuntuɓi takwarorinmu na Tsafe da Gusau da Bunguɗu da Ƙaura Namoda, a rubuta takarda guda da murya guda zuwa ga gwamnatin jiha da wakilanmu na majalisar tarayya. Bukatar ta fito fili: duk wani aiki a kan wannan hanya a yi shi da sabon faɗi domin ya haɗu da na Zariya, kuma a tanadi wurin lodi tsakanin Tsafe da Gusau. Takardar kada ta tafi da roƙo kawai. Ta tafi da lissafi, domin mai gina dogo kaya yake tambaya: buhu nawa na masara da waken suya da dawa da auduga ke fita daga kasuwanninmu a kaka, mota nawa, zuwa ina, a kan nawa. Matasanmu da suka gama jami'a suna zaune, za su iya tattara wannan cikin kaka ɗaya in an ba su kuɗin mota da littafi.

Sai kuma abin da ba ya jiran gwamnati. Filin da ke gefen dogo na hukuma ne, kuma shi ne dukiyar da ta rage, domin sabon layi ya fi sauƙin bin tsohuwar hanya in ba a cinye ta ba. Muna roƙon Mai Martaba ya ja kunnen dagatai da masu unguwanni, kada a sa hannu a cinikin fili a kan hanyar dogo, kuma duk wanda aka gani yana kwance ƙarfe domin 'yan gwangwan a kai rahotonsa. Mu mazauna birni mu ma mu duba kanmu, domin sau da yawa mai sayen irin wannan fili da araha daga cikinmu yake fitowa.

Na ƙarshe, dattawan da suka yi aikin reluwe, ko suka yi dako a tashar Gusau, ko suka kai auduga awo, kullum raguwa suke. Kowane reshe na ƙungiya ya nemi nasa, a zauna da su, a ɗauki muryarsu, a rubuta. Wanda yake da tsohon tikiti ko hoto ko takardar sallama daga aiki ya kawo wa sakatare a yi kwafi a mayar masa. Muna fatan mujallar baɗi ta fito da kashin farko na abin da aka samu, tare da rahoton kwamiti.